Daga shago zuwa sito: littafin aikin haɗa kwamfuta biyu a Maraɗi

Lahadi, 5 ga Oktoba 2025

Buhu goma sha bakwai ne suka jawo mini wannan aiki. Ranar Juma'a Kawu ya duba littafinsa na shago ya ga wake buhu 212. Ya tura yaro a kabu-kabu zuwa sito, yaro ya dawo ya ce 195 ne. Aka yi ta kiran waya, aka yi ta rantse-rantse, har la'asar ba a gano inda sauran suka maƙale ba. Shagon yana babbar kasuwa, siton yana bakin gari ta hanyar Ɗan Isa, kowanne da nasa littafi. Abin da ke haɗa littattafan biyu saƙon murya ne na WhatsApp, wanda kafin azahar ya nutse a ƙarƙashin gaisuwa da wa'azi da sanarwar ɗaurin aure.

Da dare muna kan tuwo Kawu ya dube ni ya ce, "Kai da ka share shekara uku kana karatun ordinatar ɗin nan, babu dabarar da zan zauna a shago in ga abin da ke cikin sitona?" Na ce akwai, Kawu. Sai da na kwanta na fara auna abin da bakina ya ɗauko mini.

Shirin dai ga shi. Kwamfuta ɗaya a sito wurin Baba mai tsaron kaya, ɗaya a shago. In an sauke buhu ko an ɗora, Baba ya rubuta, nan take ya fito a gaban Kawu. Da yaren Python zan rubuta manhajar, kuma da soket kai tsaye, don kwamfutocinmu tsofaffi ne, rezo kuma ba abin jingina ba ne, ina so in san inda kowane bayit, wato ɗan guntun bayani, ya nufa. Akwai son raina a ciki ma. A makaranta mun haddace wannan darasi mun juye a takardar jarrabawa, ban taɓa ganin ya ɗauki buhu ko ɗaya ba.

Soket shi ne bakin da manhaja ke magana da ƴar'uwarta ta cikinsa. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley aka fito da tsarinsa a 1983, cikin tsarin kwamfuta na 4.2BSD, shekarar da ARPANET, kakar intanet, ta koma kan TCP/IP, ƙa'idar da kwamfutoci ke musayar saƙo da ita. Har yau kalmomin ba su canza ba. Mai jira yana yin bind ya kama adireshi da ƙofa, ya yi listen ya kasa kunne, ya yi accept ya karɓi baƙo. Mai kira kuwa connect kawai yake yi. Daga nan sai send da recv, aikawa da karɓa.

Daren nan na buɗe taga biyu a kwamfutata, ɗaya tana jira a ƙofa ta 5050, ɗaya tana kira. Na rubuta "Salamu alaikum", ɗayar ta amsa "Wa alaikumus salam". Layi ashirin ne duka. A raina na ce mako biyu ya ishe ni.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na karɓo tsohuwar kwamfutar ƙanwata na sa mata Linux, na haɗa su biyun a wifi na gida. Mai jira ta samu adireshi 192.168.1.101. Na kira, aka dawo mini da kuskure mai lamba 111, wai an ƙi karɓa. Fiye da awa guda ina zargin akwatin wifi, ashe laifin a layi na uku yake. Na ɗaure mai jiran a 127.0.0.1, adireshin da ma'anarsa "ni da kaina". Duk kwamfutar duniya tana da shi, kuma abin da aka aika can ba ya ko leƙa waje. Wato makon jiya da nake murna, ni nake yi wa kaina sallama ina amsawa. Na mayar da shi 0.0.0.0, ma'ana ta saurara ta kowace fuska.

Na sake kira, wannan karon shiru. Ba ƙi, ba amsa, sai da lokaci ya ƙare. Katangar tsaro ce da na kunna da hannuna ina cikin lalube na manta, tana haɗiye saƙon ba ta ce komai. Wannan bambanci ya cancanci a rubuta shi a bango: in an ƙi ka, ka iso gidan, ɗakin da kake nema ne babu kowa. In ka ji shiru, ko dai ba ka iso ba, ko akwai mai tare hanya.

Adireshin kansa lamba ɗaya ce mai bit 32 (kowane bit 0 ne ko 1), an yanka ta gida huɗu don sauƙin karantawa, kowane yanki bit 8, shi ya sa ba za ka taɓa ganin abin da ya wuce 255 ba. A wifi namu ukun farko su ne unguwa, na ƙarshe shi ne gida. Gida 254 ke samuwa, don 0 sunan unguwar ne, 255 kuma na shela ne ga kowa. Ƙofa tata lambar daban ce, bit 16, iyakarta 65,535. Waɗanda ke ƙasa da 1024 masu sarauta ne: 22 ta shiga kwamfuta daga nesa, 53 ta neman suna, 80 da 443 na shafukan intanet. Mu da muke kwatancen gida da "bayan masallaci, mai bedi a ƙofa", wannan tsari ya burge ni.

Wani abin haushi kuma: duk na kashe mai jira na sake kunnawa, sai lamba 98, wai adireshin yana hannun wani. Wanin nan ba kowa ba ne, tsohuwar hulɗar ce. Linux na riƙe ta daƙiƙa 60 bayan rufewa, kada wani fakitin da ya makara a hanya ya faɗa cikin sabuwar hira. Layi ɗaya na SO_REUSEADDR ya raba ni da zaman jira.

Juma'a, 17 ga Oktoba

An ɗauke wuta da hantsi, aka dawo da ita bayan sallar Juma'a, manhaja ta ƙi aiki alhali ban taɓa komai ba. Da akwatin wifi ya farfaɗo, wayar Inna ce ta riga kowa neman adireshi, ya ba ta 101, kwamfutar ta samu 103. Ina ta kiran wayar Inna ina tambayarta buhun wake. Akwatin aron adireshi yake bayarwa ta hanyar DHCP, na ɗan lokaci, ni kuma na rubuta 101 a cikin manhaja kamar sunan yanka. Na shiga saitinsa na ce ya riƙa ajiye wa wannan kwamfuta lamba ɗaya. Ya yi, amma jikina ya ba ni wannan magana ba ta ƙare ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Wannan makon ne na fi koyon abu, kuma shi ne na fi jin kunya.

Na aika "wake 30", na bi shi da "aya 12" da sauri, suka iso a manne: "wake 30aya 12". Wani lokacin kuma rabin saƙo ya zo, sauran ya biyo daga baya. Na ɗauka TCP kamar mai kai wasiƙa ne, ambulan ɗaya saƙo ɗaya. Ashe ruwa ne a tiyo. Ka zuba kofi biyu a wannan baki, a can ruwa kawai zai fito. Alkawarinsa shi ne bayit za su iso a jere, ba ragi ba ƙari. Inda magana ta fara da inda ta ƙare, wannan aikinka ne. Maganin da aka saba shi ne kowane saƙo ka sa masa bayit 4 a gaba masu faɗin tsawonsa, mai karɓa ya karanta su, sannan ya yi ta recv har adadin ya cika. A kan hanyar sadarwa babban bayit, wato mai gurbi mafi daraja a lambar, shi ne ke fara tafiya, kwamfutocinmu masu Intel kuwa ƙaramin suke sa wa a gaba, don haka dole a juya kafin a aika. Na yi duk wannan. Wake ya wuce, aya ta wuce, gero da dawa lafiya lau.

Sai na rubuta "gyaɗa 40". Allon shago ya nuna "gyaɗa 4", daga nan komai ya daskare.

Kwana biyu na yi a kansa. Na gwada riɗi, shi ma haka. Na gwada masara, ba matsala. Sai da na jera sunayen a takarda na dube su, sannan na ga ƙugiyar. A tsarin UTF-8 haruffan boko na yau da kullum bayit ɗai-ɗai ne, amma ɗ da ƙ da ɓ da ƴ kowanne bayit biyu ne. Ni kuma haruffa na ƙirga na sa a gaba. "gyaɗa 40" haruffa 8 ne, bayit 9. Mai karɓa ya ɗebi 8 kamar yadda aka gaya masa, ya tsaya a kan 4, sifilin ya rage a cikin tiyo. Da saƙo na gaba ya zo, wannan sifili, wanda lambarsa 48 ce, ya shige gaba ya zama babban bayit na tsawo. Manhajata ta zauna da ladabi tana jiran saƙo mai bayit 805,306,368.

Da a ce da Faransanci marar ado ko da Turanci na yi gwajin, da wannan ɓaraka ta bi ni har kasuwa, buhu 36 na gyaɗa su ɓace a allo ranar ciniki. Wani abokina ya ce in bar ƙugiyoyin mana, a rubuta gyada kawai. Ban yarda ba. Gyaran kalma ɗaya ce: a mayar da rubutu bayit tukuna, sannan a ƙirga. Na kuma sa doka, duk saƙon da ya ce ya fi bayit 4,096 a yanke hulɗa da shi.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Yau kasuwa ta ci, kuma yau na zaɓa in yi bajinta. Na kai kwamfuta ɗaya sito da akwatin wifi mai ɗaukar sim, na bar ɗaya a shago da nata akwatin. Na san 192.168 ba ya fita waje. Tun 1996 takardar ƙa'ida ta RFC 1918 ta ware gungu uku don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. Miliyoyin gidaje na amfani da lambobi iri ɗaya, akwatin kowane gida ne ke musanya su da adireshinsa na waje in saƙo zai fita. Don haka na shirya: na buɗe ƙofa ta 5050 a akwatin shago na nuna ta ga kwamfutar, na shiga wani shafi da ke gaya maka adireshinka na duniya, ya ba ni wani mai farawa da 102. Na hau kabu-kabu na tafi sito na kira shi.

Shiru.

Na dawo shago, na koma sito, na sake dawowa. A zuwa na uku ne na lura da abin da akwatin kansa ya rubuta a matsayin adireshinsa na waje: 100.72 da wani abu. Shafi na cewa 102, akwati na cewa 100. Gungun 100.64 zuwa 100.127 an ware shi a 2012, a RFC 6598, don kamfanonin sadarwa su raba wa abokan cinikinsu. Ma'ana akwatinmu ma a cikin wani gidan yake. Adireshin 102 ɗin na kamfanin ne, mu da jama'a masu yawa muke fita ta cikinsa. Kamar gidan haya mai zaure ɗaya: in kai ka aiki yaro, mai gadi ya san fuskarsa, zai bar shi ya dawo da amsa. In baƙo ne ya zo ya ce yana neman ɗaki na 5050, mai gadi bai san ko na wane ne ba, ba zai ma tanka masa ba.

Ban ga laifin kamfanin ba, rabo ne ya ƙare. Bit 32 adireshi 4,294,967,296 ne kacal, mutanen duniya kuma sun haura biliyan 8, wani da waya biyu. Ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA mai rabon adireshin intanet ta raba gungu biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar, kowacce adireshi 16,777,216. Na Afirka, wanda AFRINIC da ke tsibirin Moris ta karɓa, shi ne mai farawa da 102. Ashe ƙarshen tukunya muke kankara. Tun 2020 AFRINIC ba ta ba mai nema fiye da 1,024 a karo ɗaya. Kamfani mai miliyoyin layuka, in bai cusa mu a zaure ɗaya ba, ina zai kai mu?

Baba yana zaune a kan buhu yana kallon zirga-zirgata. Bagobiri ne na Tibiri, ya fi shekara ashirin yana riƙe da makullin Kawu. Da zan tafi ya ce, "Ɗana, kuɗɗin kabu-kabun da ka kashe yau sun hi na yaron da muka aikawa. Ni dai littahina ba ya neman rezo." Na ce haka ne, Baba. Me zan ce?

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Hanya huɗu na auna. Ta farko, in nemi adireshin duniya na kanmu. Na je ofishin kamfanin, aka ce sai da kwangilar ƴan kasuwa, kuɗin wata kuma ya fi ƙarfin wannan aiki. Ta biyu IPv6, sabon tsarin adireshi wanda aka tsara tun 1995 don wannan ciwo: bit 128, yawan adireshinsa lamba ce mai gurbi 39, kowace na'ura ta samu nata ba tare da zauren haya ba. Na duba akwatunan biyu, abin da na gani mai farawa da fe80 ne kawai, wanda ba ya wuce cikin ɗaki. Ta uku, eriya biyu masu kallon juna. Na hau rufin sito, ban hango komai ba sai benaye da bedi.

Ta huɗu ce ta rage. Tunda mai gadi yana barin fita, to kowa ya fita. In yi hayar ƙaramar uwar garke, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana a intanet, mai adireshin duniya na gaske, shago ya kira ta, sito ya kira ta, ita ta riƙa miƙa saƙo tsakaninsu. Yuro 5 a wata, a kan 655.957 ɗin da sefa ke ɗaure da shi, jikka uku da dala hamsin da shida ke nan. Wani abokina mai katin banki zai biya in ba shi a hannu.

Da na kai wa Kawu maganar, tambayarsa ɗaya: "A ina injin yake?" Na ce Jamus. Ya ajiye carbi. "Wato in Baba ya sauke buhu a nan hanyar Ɗan Isa, sai labari ya je ƙasar Turawa kafin ya zo mini kasuwa?" Na ce ƙwarai, Kawu, kuma tunda ƙasarmu ba ta da teku, sai ya ratsa ƙasar maƙwabta ya shiga igiyar ƙarƙashin ruwa, ya je ya dawo kafin ka ɗaga kofin shayi. Bai yi dariya ba. Ya ce sirrin ɗan kasuwa shi ne abin da ke sitonsa, in an san kana da wake da yawa an san yadda za a taya. Wannan gaskiya ce da ban yi tunaninta ba. Muka daidaita: littafin yana nan a kwamfutocinmu biyu, saƙo kuma a kulle zai tafi, makullin yana shago da sito kawai. Injin Jamus ɗan aike ne da bai iya karatu ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Uwar garke ta tashi. Ban cika awa guda da kunna ta ba na ga baƙi suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, suna gwada kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya. Injuna ne da ke zagaye adireshin duniya kaf dare da rana. Na hana shiga da kalmar sirri, sai da makulli. Nan na ɗan ga amfanin mai gadin da nake zagi.

Niyyata in ce ƙofata ta karɓi adireshi biyu kawai, na shago da na sito. Da na duba rajista sai na ga su biyun da adireshi ɗaya suka iso, lambar ƙofa ce kawai ta bambanta su. Zauren kamfani ɗaya suka fito. Washegari kuma adireshin ya zama wani. Darasin wayar Inna ne ya dawo da girmansa: adireshi yana gaya maka ta inda mutum ya ɓullo yau, ba ya gaya maka ko wane ne. Yanzu kowace kwamfuta in ta haɗu sai ta faɗi sunanta ta kuma tabbatar da makullinta, ta fito ta duk zauren da ta ga dama.

Ita ma uwar garken na daina kiranta da lamba. Na yi mata suna, getaddrinfo ke nemo adireshin. Tana saurare ta IPv4, tsohon tsarin mai bit 32, da IPv6 duka, ran da na biyun ya iso Maraɗi ba sai na taɓa komai ba.

Ƙarfe biyar da minti goma na yamma Baba ya danna da yatsa ɗaya, "riɗi 8", ya fito a shago da ƙugiyarsa.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Kawu ya yi ƙorafi: da safe abin na aiki, in aka je sallar azahar aka dawo sai allo ya ce "a haɗe" amma ba abin da ke shigowa. TCP in ba a magana ba ya aika komai, ɓangarorin biyu kowa na zaton ɗan'uwansa na nan. Mai gadin kamfani kuwa yana da dubban mutane a kansa, in ya ga hulɗa ta yi shiru na ɗan lokaci sai ya goge ta daga littafinsa, ba ya sanar da kowa. Uwar garke ta aiko saƙo, ya iso zaure, ba a san mai shi ba.

Akwai tsarin leƙawa a cikin TCP, amma a Linux sai an yi daƙiƙa 7,200 ana shiru yake fara tambaya. Awa biyu! Kafin nan an yi ciniki an watse. Na sa nawa: duk daƙiƙa 25 kwamfuta ta ce "ina nan", uwar garke ta amsa. In aka rasa amsa sau uku, a yanke a sake kira, allo kuma ya koma ja ya faɗi gaskiya. Kawu ya tambayi mega nawa wannan gaisuwa za ta ci. A awa 12 sau 1,728 ke nan, na auna, bai kai rabin mega ba. Ya ce bidiyo ɗaya na yaran shago ya fi haka.

Litinin, 1 ga Disamba

Ban so rubuta na yau ba.

Da safe aka sauke aya buhu 60 a sito. Allon shago ya nuna 120. Wani mai saye ya zo, Kawu ya dubi allo ya sayar masa da 100, aka yi musafaha, mutumin ya tura kamyo. Kamyo ya isa, Baba ya ce buhu 60 ne a ƙasa. Ina shagon lokacin da Kawu ya ɗaga waya, kuma na ji abin da ya faɗa wa dattijon nan a gaban mutane. Har maganar buhu goma sha bakwai ta dawo. Ta cikin wayar na jiyo Baba yana cewa, "Alhaji, sittin anka sauke, sittin na rubuta. In injin ɗanka ya haihu, ni ban sani ba."

Na buɗe rajista hannuna na rawa. Layi biyu iri ɗaya, "aya 60", tsakaninsu daƙiƙa 40, kowanne ta ƙofa daban. Rezo ya yanke daidai lokacin da Baba ya danna. Saƙon ya riga ya fita ya isa, amma manhajar sito ta ga hulɗa ta mutu, ni kuma na koya mata cewa in haka ta faru ta sake aika na ƙarshe. Ta bi umarnina. Abin da ban riƙe ba shi ne, in send ya ce ya yi, nufinsa kawai ya miƙa wa kwamfutarka kayan. In hulɗa ta yanke kuma, ba mai gaya maka ko sun isa ko ba su isa ba. Ka yi shiru, saƙo na iya ɓata. Ka sake aikawa, yana iya zama biyu.

Na juya allon na nuna wa Kawu, na ce laifina ne, Baba sau ɗaya ya danna. Ya daɗe bai ce komai ba. Sauran buhu 40 a wurin maƙwabcinsa ya saya, da tsada, don kada maganarsa ta faɗi. Bayan magariba ya ce in ɗauko babur. Muka je har sito, na durƙusa na ba Baba haƙuri, Kawu ma ya ba shi, abin da ban taɓa gani ba. Baba ya ce ya wuce, amma littafinsa na takarda yana nan, ba zai ajiye ba. Na ce don Allah kada ya ajiye.

Gyaran da na kwana yi: kowane saƙo yana da lambarsa, sito-1, sito-2, haka har gaba. Mai aikawa yana adana shi a ma'ajiyar bayanai ta SQLite, yana ta maimaitawa har sai ɗaya ɓangaren ya ce "na rubuta lamba kaza". Mai karɓa in ya ga lambar da ya riga ya rubuta, ya amsa amma kada ya ƙara. Na gwada ta hanyar zare sim a tsakiyar aikawa sau talatin. Ba ragi, ba haihuwa. Rasiɗi mai lamba ne dai, irin wanda ke cikin aljihun kowane direban kamyo.

Lahadi, 7 ga Disamba

Hazo ya sauka, ƙura ta toshe fankar kwamfutar sito har tana kashe kanta. Na buɗe na busa, Baba ya ɗinka mata riga da tsohon buhu. Na kuma gyara sake kira: in rezo ya tafi, ta jira daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, har zuwa minti guda, maimakon ta yi ta buga ƙofa tana cinye batir.

Alhamis, 18 ga Disamba

Hutun ranar Jamhuriya, muka samu sararin ƙirga sito buhu-buhu, ni da Baba da yara biyu. Aya daidai, gyaɗa daidai, riɗi daidai. Gero allo ya ce 88, a ƙasa 85.

Gabana ya faɗi, na fara laluben rajista. Baba ya bar ni na yi ta nema, sannan ya buɗe littafinsa ya nuna mini wani shafi a can baya. Buhu biyu makarantar allo, ɗaya gidan wata gwauruwa a unguwarsu, duk da umarnin Kawu. Manhajata abu biyu ta sani, kaya sun shigo, kaya an sayar. Na ce, Baba, me ya hana ka rubuta ko a matsayin sayarwa? Ya ce, "In rubuta ƙarya? Kuma sadakar Alhaji ta hito ga allo yaran shago suna karantawa?" Na tambaye shi ko buhu goma sha bakwai ɗin Oktoba ma a irin wannan shafi suke. Ya rufe littafin ya ce in tambayi kawuna.

Ban tambaya ba. Na ƙara nau'in saƙo na uku, "fita ba ciniki": yana rage adadi, ba suna, ba dalili. Sito-417 ne ya fara ɗaukarsa, gero ya koma 85.

Kawu yanzu yana so a haɗa mai saya masa kaya a Tasawa, wanda ba shi da kwamfuta sai waya. Android na yawan katse manhajar da ke aiki a ɓoye in allo ya daɗe a kashe, gaisuwar daƙiƙa 25 ba za ta rayu a can ba. Ranar Asabar zan karɓi tsohuwar wayar ƙanwata in ga minti nawa soket ke yi a cikinta kafin a shaƙe shi.